Kiwo ko yankan ciyawa: wanne ya fi raya tana a filinka?

Da yawa daga cikin mutanen unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba na Kumasi suna da fili a bayan gari, ta hanyar Ejisu ko Offinso ko Mampong, wanda ba a tashi gina shi ba tukuna. Ciyawa ta cika shi, ga tumaki a gida suna cin kuɗin dusa da ɓawon rogo. Sai mutum ya shiga tunani biyu: ya kai dabbobin can su yi kiwo, ko ya riƙa yanko musu ciyawar yana kawowa gida? Yawanci lissafin yakan tsaya a kan kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da tsoron ɓarawo. Ni kuwa ina so a ƙara ma'auni guda, wato abin da kowace hanya take yi wa tana. Filin da za ka ci moriyarsa shekara biyar ko goma, ko wanda kake shirin mayarwa lambu, ƙarfinsa yana tafiya ne tare da abin da ke raye a cikin ƙasarsa.

Abin da tana take bukata

Tana ba ta da huhu. Da fata take numfashi, fatar kuwa ba ta aiki sai da laima. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne, da matattun saiwoyi, da kashin dabbobi. Ramukan da take haƙawa su ne hanyar ruwa da iska zuwa ga saiwa, ƙasar da ta bi ta cikinta kuma takan fito a dunƙule, mai sauƙin ci ga shuka. A 2014 masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ga cewa inda akwai tana amfanin gona yakan ƙaru da kusan 25 cikin 100 a matsakaicin lissafi. Ƙaruwar ta fi yawa inda ake barin ragowar shuka a kan ƙasa, ta kuma dushe inda ake zuba takin zamani da yawa. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ba ya sayen buhun taki kowace damina, wannan magana ce babba.

Tana kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai na sama, masu zama cikin tarin ganye da taki, kamar Eudrilus eugeniae wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, ita ce ma ake kiwatawa don yin takin gargajiya. Akwai na cikin ƙasa, masu cin ƙasar kanta, kamar Millsonia anomala da aka daɗe ana nazarinta a Lamto ta Kodebuwa, inda aka ga tana na juya ɗaruruwan tan na ƙasa a hekta guda cikin shekara. Akwai kuma masu haƙa rami mai zurfi su riƙa jan ganye zuwa ciki. A filayen ciyawa na yankinmu na cikin ƙasar ne suka fi rinjaye. Na sama su ne suke fara ɓacewa da zarar an tsiraita fili.

Don haka ma'aunin tana uku ne: me ya rage mata ta ci, me ya rufe ƙasar daga rana, da kuma irin nauyin da ke taka ƙasar, musamman idan ta jiƙe. Ma'aunin aljihu kuma huɗu: kuɗi, ɗorewar filin, sauƙin aiki, da haɗari. A Kumasi na ukun nan, wato nauyi, ya fi yadda ake zato muhimmanci. Muna samun ruwa wajen milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Watannin da ƙasa take a jiƙe sun fi waɗanda take a bushe yawa.

Sakin dabbobi a fili kullum

Wannan ce hanyar da ta fi araha a farko, kuma tana da alheri guda da ba a raina shi: fiye da biyu bisa uku na sinadaran da dabba ta ci a ciyawa suna komawa ƙasa ta kashi da fitsari. Ka juya kashin saniya da ya yi mako biyu a damina, za ka ga ƙasansa ya yi ramuka-ramuka, buzuzu ya riga ya shiga, tana kuma ta taru a ƙarƙashi inda sanyi yake. Shi ya sa a nazarce-nazarcen Turai sau da yawa filin da ake kiwo daidai gwargwado yakan fi wanda ake yanke wa ciyawa a kwashe yawan tana.

Matsalar ita ce "daidai gwargwado" ba ya yiwuwa idan dabba na kan fili ɗaya kowace rana. Dabba na da zaɓe. Ciyawar da take so za ta bi ta har ƙasa, da ta toho ta sake gutsure ta, saiwar ta gajarce, daga ƙarshe ta mutu. Wadda ba ta so, irin su tofa da tsiron nan mai saurin yaɗuwa da ake kira acampong, ita ce za ta mamaye. Je ka duba wajen kwamin ruwa ko gindin bishiyar da suke hutawa bayan an yi ruwa: sawun kofato ya zama ƙananan kwatamai, ruwa ya kwanta a ciki har washegari. Wannan ƙasa ta danne, ramukan iska sun toshe, kuma ko ka haƙa ba za ka sami tana ba sai ɗai-ɗai. Ƙasar da ta danne haka ba ta warwarewa a damina ɗaya.

Nauyin dabbar ma abin dubawa ne. Kofaton saniya yana danna ƙasa fiye da na tunkiya nesa ba kusa ba, balle a haɗa shi da gajerun tumakin kudu da nauyinsu bai cika wuce kilo 30 ba. Amfanin saniya shi ne kashinta mai laima, wanda tana ta fi so. Na tumaki yakan bushe da wuri, amma ya fi warwatsuwa ko'ina.

Haɗarin wannan hanya shi ne mafi yawa. Tsutsar ciki mai shan jinin tumaki tana samun yadda take so a fili mai laima da ba ya hutawa. Ga kaska, ga sata, ga shiga gonar maƙwabci. Wanda ya san labarin rikicin makiyaya da manoma na Agogo ya san inda rigimar dabba da gona take iya kaiwa. Idan wani makiyayi ne zai shigo da garkensa filinka, a yi magana a gaban odikro, wato mai garin ƙauyen, tun kafin saniya ta farko ta taka.

Kiwon juyi

Dabbobin su ne dai, filin ma shi ne, abin da ya canza shi ne hutu. A raba fili kashi goma, su yi kwana uku ko huɗu a kowane yanki, sai a matsa. Kafin su zagayo, yankin farko ya huta kusan wata guda. Ba lallai sai da waya ba. Mai tumaki biyar ko shida zai iya yin haka da turke da igiya, yana matsar da turken a jere, ba yana dawowa inuwa ɗaya kullum ba.

A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da tana idan an yi ta da kula. Taki yana sauka a inda aka ci ciyawar. Ciyawar da aka tattake ta kwanta ta zama rufi. Saiwa na samun lokacin sake miƙewa, tsofaffin saiwoyin da suka mutu kuma su ne abincin na cikin ƙasa. Takawar kwana uku da hutun wata ƙasa na iya ɗaukarta.

Akwai riba ta biyu da ba a cika faɗa ba. Ƙwan tsutsar ciki da ya fita a kashi yana bukatar wajen kwana huɗu a zafi da laima kafin ya zama abin da zai iya kama dabba, kuma a yanayi irin namu 'ya'yan tsutsar ba sa daɗewa a kan ciyawa, yawancinsu sukan mutu cikin makonni kaɗan. Idan ka tashi kafin kwana huɗu, ka kuma yi wata ba ka dawo ba, ka rage wa tumakinka ciwo, ka rage wa kanka kuɗin magani. Wannan ma yana komawa ga ƙasa. Maganin ivermectin da ake yawan yi wa dabbobi allurarsa yana fita ne a kashi, yana kashe 'ya'yan buzuzu da na ƙuda masu buɗe kashin. Ita tana ba ta cika jin jiki da shi ba kamar su, amma kashin yakan daɗe a kwance bai ruɓe ba. Dabbar da aka yi wa allurar gara ta yi kwanakinta na farko a garke.

Sharuɗɗa biyu ne ba a sassauta su. Kada a bar su su ci ciyawa ƙasa da tsawon tafin hannu, wajen santimita 15. Sannan ranar da aka kwana ana ruwa, ƙasa na nutsewa ƙarƙashin takalminka, ba ranar kiwo ba ce, musamman ga shanu. A ba su yankakkiya a garke har ƙasa ta tsane.

Kuɗinta a farko ake kashe shi. Turke da igiya ba su da tsada, amma shingen waya da sanduna kuɗi ne mai kauri, kuma a ƙasar gara sai an zaɓi itacen da zai jure. Shingen gliricidia da ake dasa sandarsa ta kama ya fi ɗorewa, ganyensa ma abinci ne. Babban kuɗin dai shi ne mutum: dole a sami wanda zai kwana kusa, ya matsar da dabbobi, ya ba su ruwa. Idan babu amintaccen mutum, kada a fara.

Yanka a kwashe zuwa gida

Ita ce hanyar da Zango ya saba da ita. Yaro da adda ko lauje, dami a bayan aboboya, rago a turke a tsakar gida. Ga dabba, tana da kyau ƙwarai. Manyan raguna masu dogayen ƙafafu da ake kawowa daga Burkina Faso, Nijar da Mali don layya ba su saba da laimar kurmi da ƙudan tsando ba, ba kamar gajerun tumakin nan da suke jurewa ba. Ciyawar filin da dabba ba ta taka shi ba kuma ba ta ɗauke da tsutsar ciki sosai. Ɓarawo ma sai ya shigo gida.

Ga ƙasa kuwa, a yadda aka fi yin ta, ita ce mai cin fili a ɓoye. Babu kofato, wannan gaskiya ne, don haka ƙasa ba ta dannewa, sai dai inda taya ke bi. Amma duk damin da ya hau aboboya ya tafi ne da abincin tana da kuma ƙarfin ƙasar, kashin da ya kamata ya dawo kuma yana can ana share shi zuwa bola ko kwata. Shekarar farko ba za ka lura ba. Zuwa ta uku ciyawar giwa da take fin mutum tsayi za ta fara sirancewa, ganyenta ya yi fari-fari, tsakanin gindi da gindi ƙasa ta fito fili ta yi tauri. Masu yankan haya kuma, da yake dami ake biyansu, sukan aske har ƙasa, rana ta doki wurin kai tsaye. Na sama su ne farkon tafiya, na ciki su nutsa ƙasa su dunƙule suna jiran sanyi.

Gyaran ba shi da wuya, kuma ina mamakin yadda ba a yin sa. Aboboyar da za ta je ɗauko ciyawa fanko take tafiya. A cika buhuna da takin garke, haɗe da ragowar ciyawar da tumaki suka tattake, a watsa a yankin da aka gama yankewa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan an yi haka, aka bar kututture mai tsawon tafin hannu, aka kuma riƙa jiran mako shida zuwa takwas tsakanin yanka da yanka, wannan hanya tana kamo kiwon juyi, a ƙasa mai laka ma takan wuce shi, tunda babu mai taka ta a jiƙe.

Kashin kaji yana da yawa a kewayen Kumasi, masu lambu ma da shi suke aiki. Yana da amfani, amma ɗanye yana da zafi, warin nan mai hawa ido yana ƙona fatar tana. A tara shi ya sha ruwa ya huce na wasu makonni kafin a watsa.

Kuɗin wannan hanya ba ya zuwa gaba ɗaya, amma ba ya yankewa: ladan mai yanka, man aboboya, wasa adda. A rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, ciyawa takan yi wuya, sai an haɗa da harawa ko dusa.

Yanka a bar ta a kwance

Ga wanda ba shi da dabba, ko wanda ciyawarsa ta fi ƙarfin dabbobinsa. Babu abin da ya bar fili, babu kofato, ƙasa na cikin inuwa. Ɗaga shimfiɗar ciyawar da ta yi wata a watan Yuni ka gani: ƙasa baƙa, mai sanyi, kashin tana a tsaye kamar ƙananan yatsu, jajayen nan na sama suna ta guje wa haske. Ta fuskar yawan tana cikin ɗan lokaci, babu wadda ta kai ta.

Sai dai ba ta ba ka nama ba, kuma kuɗin yanka yana nan. Injin yankan ciyawa na rataye yana saurin aiki, amma sai mai da gyara. A shimfiɗa ciyawar da faɗi, kada a tara ta tsibi, don tsibi mai kauri yana kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa, yana kuma tara maciji da ɓera. Haɗarinta na gaske wuta ne a hunturu. Kafin Disamba a share zagayen filin tas, faɗin da wuta ba za ta tsallaka ba.

Ƙonawa da feshi ba na sa su cikin zaɓi. Wutar ciyawa takan wuce da sauri, ba ta cika kashe na cikin ƙasa nan take ba, amma tana cinye rufi da abinci a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Dattawan da suka ga gobarar daji ta 1983 ba sa bukatar bayani, dokar hana ƙona daji ta 1990 ma tana nan. Maganin kashe ciyawa kuwa, ko ba komai, yana barin ƙasa tsirara ba tare da rayayyar saiwa ba.

| Hanya | Abincin tana | Rufin ƙasa | Dannewa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Saki kullum | akwai, amma a wuri-wuri | yana ƙarewa | mai yawa | kaɗan | gajere | mai sauƙi | tsutsar ciki, ɓarnar gona, sata |
| Kiwon juyi | mai yawa | mai kyau | kaɗan, in an kiyaye ranar ruwa | mai yawa a farko | dogo | sai da mai tsaro | sakacin mai kula |
| Yanka a kwashe, ba taki | kaɗan | kaɗan | kusan babu | kullum | yana raguwa | matsakaici | ƙarewar ƙarfin ƙasa |
| Yanka a kwashe, a maido taki | mai yawa | matsakaici | kusan babu | kullum | dogo | aiki biyu | ɗanyen kashin kaji |
| Yanka a bari | mai yawa | mafi kyau | babu | ladan yanka | dogo | mai sauƙi | wuta, maciji |

Ka gwada filinka kafin ka yanke shawara

A tsakiyar damina, da safe, ka yanki ƙasa santimita 25 faɗi da 25 tsawo, zurfin santimita 30. Zuba ta a kan buhu ka marmasa da hannu, ka ƙirga. Ninka abin da ka samu sau 16, shi ne na murabba'in mita guda. Yi haka a wuri huɗu ko biyar, har da gindin shinge inda ba a takawa ba a kuma yankewa, don shi ne zai nuna maka abin da ƙasar za ta iya riƙewa. Baɗi a wata ɗaya ka maimaita. Gwajin rani ba ya nuna komai, sun riga sun yi zurfi.

Idan ko a gindin shinge babu su, wataƙila matsalar ba kiwo ba ce ba kuma yanka ba. Ƙasar kurmi da yawa tana da tsami, takin zamani na salfa yana ƙara mata, tsohuwar gonar koko da aka daɗe ana fesa mata magani mai jan ƙarfe kuma ba ta yi wa tana daɗi. Cibiyar binciken ƙasa ta hukumar binciken kimiyya ta Ghana, wato CSIR, da ke Kwadaso tana auna irin wannan.

Wa ya dace da me

Mai turka raguna biyu zuwa goma a gida don Babbar Sallah, musamman manyan na arewa, ya tsaya a kan yanka, amma kada aboboya ta sake tafiya fanko.

Mai gajerun tumaki ko awaki masu haihuwa, da fili ya kai eka ɗaya ko fi, da ɗan'uwa ko amintaccen ma'aikaci da ke kwana a wurin, kiwon juyi ne nasa. Ya fara da turke kafin ya kashe kuɗi a waya.

Mai shanu ya haɗa biyu: juyi a lokacin da ƙasa ta tsane, yanka a Mayu da Yuni da Oktoba idan ruwa ya yi ƙarfi. 'Yan'uwanmu na Ankara masu garke a filayen Afienya da Dawhenya sun fi kowa bukatar wannan. Ruwansu bai kai namu ba, amma baƙar lakar wajen tana kama ƙafa idan ta jiƙe, ta tsage idan ta bushe, kuma a rani gara ce take riga tana kwashe taki. A wajensu barin rufi a kan ƙasa ya fi komai.

Wanda filinsa ya riga ya danne, ruwa na gudu a kansa ba ya shiga, ya fitar da dabbobi damina biyu, ya yanka ya bari, ya watsa ruɓaɓɓen taki a kai. Haka ma wanda ke shirin yin lambun kabeji ko latas nan da shekara biyu. Ya ajiye garma da ashana, ya yanka sau uku ko huɗu a shekara, ya share zagayen kafin iskar hunturu ta fara.